Na'urar GPS a Hanyoyin Ƙauyukan Filato: Yadda Ake Zaɓe da Ɗaurawa a Mota ko Babur

Duk wanda ke harkar kayan gwari a Mile 12 da ke Legas, ko kasuwar Shasha ta Badun, ko kasuwannin Anaca da Fatakwal, ya san kabeji da karas da koren wake da dankalin Turawa yawanci daga tudun Jos suke gangarowa. A da ɗan kasuwa kan tsaya a Farin Gada ko kasuwar Building Materials ya yi lodi ya juyo. Yanzu da yawa daga cikin mutanenmu na shiga har bakin gona a yankunan Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Riyom, don a can ake samun sauƙin kaya. Matsalar ita ce da zarar ka sauka daga kwalta ka hau birji, babu allon da zai gaya maka inda ka nufa, sabis ɗin waya kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Wannan bayani na direba ne da yaron mota da mai kaya: wace na'ura za a saya, wace manhaja za a saka, yaya za a ɗaura ta, kuma ina ne bai kamata a yarda da ita ba.

Me ya sa Filato ta bambanta

Garin Jos na kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere da ke gabashin gari kuma sun haura mita 1,800. Wanda ya taso daga Legas ko Badun yakan bi Lakwaja, Abuja, Keffi, Akwanga. Wanda ya taso daga Inugu ko Fatakwal yakan bi Makurɗi da Lafiya kafin ya haɗe a Akwanga. Daga nan sai hawan Kibo, sai Riyom, sai Mararrabar Jama'a, inda hanya ta rabu: ɗaya ta shiga Bukuru da Jos, ɗaya ta nufi Heipang, Barikin Ladi, Mangu da Pankshin. Duk wannan kwalta ce, ba a ɓata. Wahalar tana farawa ne bayan an bar ta.

Abubuwa uku ke sa hanyoyin gona na Filato wuyar sha'ani. Na farko ruwan sama: damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma a tsakiyar daminar ne ake haƙar dankali mai yawa, wato lokacin da ka fi buƙatar shiga shi ne lokacin da hanya ta fi lalacewa. Na biyu duwatsu da kwazazzabai, waɗanda ke tare sabis ɗin waya. Na uku tsofaffin ramukan haƙar kuza. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka yi ta haƙa a kewayen Bukuru, Rayfield, Barikin Ladi da Bisichi, suka bar kududdufai masu zurfi. Wata hanyar da ka gani shimfiɗe tsohuwar hanyar ma'adinai ce, ƙarshenta bakin ruwa. Da dare ko cikin hazo, wannan ba abin wasa ba ne.

Yadda GPS ke aiki a taƙaice

GPS taurarin ɗan'adam ne na gwamnatin Amurka, kusan 30, suna zagaye duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. An harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, sannan a watan Mayun 2000 aka daina rage wa farar hula ingancin saƙon da gangan. Na'urarka ba ta aika musu komai, saurare kawai take yi. Idan ta ji saƙon taurari huɗu ko fiye, sai ta lissafa inda take. A fili, ba rufi ba bishiya, wayar hannu kan kuskure da kimanin mita 5 ne kawai.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan ba. Rasha na da GLONASS, Tarayyar Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou. Na'urar da ke jin biyu ko uku daga cikinsu ta fi saurin kamawa a tsakanin duwatsu, domin sararin da take hange ya ragu.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba: GPS ba ya cin data, ba ya buƙatar sabis. Abin da ke cin data shi ne taswirar da ake ɗora ɗigon a kanta. Shi ya sa za ka ga shuɗin ɗigo yana motsi a kan farin allo idan sabis ya ɗauke. Maganin shi ne a sauke taswirar a cikin waya tun kana gida.

A kuma bambance na'urar nuna hanya da tiraka, wadda ake ɓoyewa a mota don mai ita ya san inda take. Tiraka da layin waya take aika labari, in babu sabis mai mota ba zai ga komai ba sai motar ta fito. Amfaninta daban, ba ta maye gurbin wadda direba ke kallo.

Waya, kwamfutar hannu, ko Garmin

Wayar salula ta wadatar da mafi yawan masu shiga gona, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi. Amma a duba abu huɗu kafin a dogara da ita. Shin tana jin Galileo ko GLONASS ban da GPS? Manhajar GPSTest za ta nuna maka taurarin da take kamawa. Shin tana da kamfas a ciki? Ƙananan wayoyi da yawa ba su da shi, sai kibiyar ta riƙa nuna wani wajen idan mota na tsaye, ka rasa ina ne gaba a mararraba. Shin allon na da hasken da za a iya karantawa cikin rana? Sannan akwai isasshen wurin ajiya? Wayoyi masu kama saƙo iri biyu, L1 da L5, waɗanda suka fara fitowa a 2018, sun fi daidaito a gindin dutse, amma ba dole ba ne.

Shawara mafi kyau ita ce a ware waya guda don taswira kawai, ko da tsohuwa ce. Wadda dillali ke kira a kai, mai kaya ke kira, iyali ke kira, ba za ta zauna a mariƙi ba, kuma in ta mutu ka rasa hanya da magana a lokaci guda.

Kwamfutar hannu mai allon inci 7 ko 8 ta dace da babbar mota, domin yaron mota zai iya dubawa daga kujerarsa. Sai dai a kula: wasu masu Wi-Fi kaɗai ba su da GPS a ciki sam, misali iPad ɗin da ba ya ɗaukar layi. Kuma nauyinta na buƙatar mariƙi mai ƙarfi.

Na'urorin Garmin an yi su ne don daji. Ƙananan eTrex na aiki da batir biyu irin na tocila, su kwana su wuni, ruwa ba ya shigarsu. Montana, Overlander da Tread na da babban allo, zumo kuma na babur ne. Suna jure ƙura da girgiza fiye da kowace waya, amma suna da tsada. Hattara da na hannu da ake sayarwa a Ladipo ko Computer Village: yawancinsu da taswirar Turai ko Amurka suka zo, in ka kunna a Bokkos ba za ka ga komai ba sai layi ɗaya ko biyu. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya nemo Mangu ko Pankshin a gabanka. Ana iya ɗora musu taswirar OpenStreetMap ta Najeriya a katin ajiya.

Ga wanda ke da hali kuma yake yawan shiga inda babu sabis, akwai Garmin inReach, mai aika gajeren saƙo ta taurarin Iridium, amma sai da kuɗin rajista na wata-wata.

In za a sayi na'urar babur ko ta buɗaɗɗiyar mota, a nemi mai lambar IP67: ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwan da bai wuce mita ɗaya ba na rabin awa.

Manhajoji da taswira

Google Maps ta fi kowa sanin kwalta, gidajen mai da cunkoso. Tana bari ka zaɓi yanki ka sauke shi don amfani ba data. Ka sauke daga Akwanga har Jos, ka haɗa da Bokkos da Pankshin. Ka sani cewa idan babu data, hoton sama da labarin cunkoso ba sa fitowa, kuma taswirar da aka sauke tana da wa'adi, sai ana sabunta ta. In kana son hoton saman gonar da za ka je, ka ɗauki hoton allo tun kana da sabis.

OsmAnd da Organic Maps na amfani da taswirar OpenStreetMap, wadda 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. A wasu wurare sun fi Google nuna ƙananan hanyoyi, a wasu kuma Google ta fi su, don haka a riƙe biyun. Babban amfaninsu shi ne suna iya rubuta sawun tafiyarka. Ka kunna rubutun sawu daga inda ka bar kwalta, duk lanƙwasar da ka yi za ta zanu, in ka tashi fita sai ka bi layin ka koma. Ana ajiye sawun a fayil mai suna GPX, ana tura shi ta WhatsApp kamar hoto.

A nan ne ƙungiyoyin 'yan gwari da na direbobi za su iya taimakon juna. Direban da ya shiga wata gona lafiya ya fito da lodi, sawunsa ya fi kowace taswira daraja, domin mota ce irin taka ta bi shi. A rubuta sunan wuri, wata, da irin motar a jikin fayil ɗin. Sawun da Hilux ta bi a Janairu ba hujja ba ne ga mota mai taya goma a Agusta.

Karɓar lambar wuri

Ƙauyuka da yawa sunansu ɗaya: Sabon Gida, Sabon Layi, Tudun Wada, Mararraba. In ka rubuta suna, manhaja na iya kai ka wata jihar. Ka sa dillali ko manomi ya tsaya a daidai inda mota za ta yi lodi, ya jira ɗigon ya natsu na minti ɗaya, sannan ya turo wurin ta WhatsApp. Ka sa ya turo na biyu daga inda ake sauka daga kwalta, don shi ne ma ya fi muhimmanci.

Lambar wuri kashi biyu ce, arewa da gabas. Jos na wajen 9.9 arewa, 8.9 gabas. Lambobin sun yi kama, in aka juya su za ka faɗa wani wuri mai nisan fiye da kilomita 100 ba tare da ka lura ba. Haka kuma rubutun iri biyu ne. Digiri 9 da minti 55 ba ɗaya yake da 9.55 ba, daidai yake da 9.917, tazarar da ke tsakaninsu ta kai kilomita 40, domin digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne. Kada a karanto lamba ta baki a waya, a kwafa a turo, da lambobi biyar bayan ɗigo. Wanda ke da tsohuwar takardar safiyo ta fili ya sani cewa da ma'aunin Minna aka yi da yawansu, waya kuma da WGS84 take aiki, bambancin kan kai mitoci masu yawa.

Irin mariƙi da inda ake ɗaurawa

A kan birji, mariƙin ne ke fara ba da kai kafin na'urar. Araha ba ta ado a nan.

Mai manne wa gilashi da iska shi ya fi yawa a kasuwa. A kwalta yana aiki, amma ƙura da sauyin yanayi na kwance shi: sanyin asubar Jos a hunturu, sai zafin rana a gilashi da azahar. In shi za ka yi amfani da shi, ka zaɓi mai gajeren wuya, ka wanke gilashin ya bushe, ka sa gindin wayar ya jingina da dashbod don nauyin ya ragu. Dogon wuya mai lanƙwasa yana rawa har ka kasa karanta allo.

Mai maƙalewa a ramin iskar sanyi yana karya haƙoran ramin a gargada. Mai maganaɗisu yana sakin waya idan mota ta faɗa rami, kuma yana rikita kamfas. Su biyun a bar su ga motar gari.

Wanda ya dace da hanyar gona shi ne mai ɗaurin noti: gindi na ƙarfe da aka ɗaure a dashbod ko a jikin ƙarfen mota, da hannu mai ƙwallon roba sama da ƙasa, irin na kamfanin RAM Mounts da masu kwaikwayonsa. Ƙwallon inci ɗaya ya isa waya, kwamfutar hannu kuma sai na inci ɗaya da rabi. Maƙerin walda na iya haɗa maka gindin, ka sa roba tsakaninsa da jikin mota. Bakin da ke riƙe wayar ya kama ta ta kusurwa huɗu, ba gefe biyu ba. Sannan a ƙara siririyar igiya daga rigar wayar zuwa gindin, in ta kuɓuce kada ta faɗa ƙarƙashin birki.

Wajen zaɓar wuri, a kiyaye waɗannan. Kada na'urar ta tare maka ganin hanya ko madubi. Kada ta zauna a kan murfin jakar iska, domin in ta fashe za ta jefo maka ita a fuska. Ta kasance kusa da gilashin gaba inda take hangen sama, ba ƙasa wajen giya ba, musamman a babbar mota mai rufin ƙarfe. Ta kasance kusa da layin idonka, kallo ɗaya ka mayar da ido hanya. Ka zauna a kujera ka gwada, ka juya sitiyari har ƙarshe, ka tabbata hannunka ba ya bugunta.

Ga mai babur, wanda sau da yawa shi ke shiga gaba ya dubo hanya, a ɗaure mariƙin a ƙarfen kan babur da noti, a sa mai robar rage girgiza. A 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar iPhone, kuma duk wayar da ke da irin wannan kyamara mai daidaita kanta tana cikin haɗarin. Tsohuwar waya ta fi dacewa da wannan aiki.

Wuta da zafi

Allo a kunne da GPS na shanye batir cikin 'yan awanni. Ƙaramar mota wutarta 12 ce, manyan motoci irin DAF da MAN da Howo yawanci 24 ne, don haka a duba jikin caja an rubuta tana ɗaukar duka biyun. Cajar ramin laita na yawan zamewa a gargada, ka ɗauka tana caji alhali ta daina tun tuni. Ya fi kyau mai gyaran wutar mota ya jawo maka soket na musamman, da fis a kusa da inda ya ɗauko wutar, ta layin da ke mutuwa idan an kashe mota. A ɗaure kebul ɗin a jikin mariƙi don kada nauyinsa ya lalata bakin cajin waya. A riƙe kebul na biyu da fawabank cike.

Zafi ma abokin gaba ne. Yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 35 na zafi, bayan gilashi kuma ya fi haka nesa, ko a Jos mai sanyi. In waya ta yi zafi sai ta rage haske, ta daina caji, ko ta mutu. A cire mata rigar roba mai kauri, a yi mata 'yar rumfa da kwali, a kuma ɗauke ta daga gilashi idan an tsaya lodi.

Doka

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta hana amfani da waya ana tuƙi. A 2019 an yi ta ce-ce-ku-ce kan ko bin Google Maps laifi ne, bayanin da hukumar ta yi daga baya shi ne a saita tafiya kafin a tashi, kada a riƙe waya a hannu ko a latsa ta mota na gudu. To ka saita kana tsaye, ka kunna murya, in akwai gyara yaron mota ya yi, ko ka faka. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta FRSC kuma 122. Mai babur ya tuna an daɗe da hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru.

Abin da taswira ba ta sani ba

Manhaja gajeriyar hanya take nema. Ba ta san kwalbatin da ruwa ya cinye jiya ba, ba ta san gadar da ba za ta ɗauki tan 30 ba, ba ta kuma san garin da ake zaman ɗar-ɗar ba. Filato ta sha fama da rikici, kuma kowane ɓangare ya yi asarar rayuka. A watan Agustan 2021 an kashe matafiya fiye da 20 a hanyar Rukuba da ke Jos, suna komawa jihar Ondo daga Bauchi. A Disambar 2023 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, a Janairun 2024 kuma gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Mangu. Babu manhajar da za ta sanar da kai irin wannan a kan lokaci.

Saboda haka, in manhaja ta ce ka bar babbar hanya ka yanke ta wani ƙauye don ka rage minti 20, kada ka bi sai ɗan gari ya tabbatar. Kafin ka bar Jos, Bukuru ko Mangu, ka tambayi 'yan tasha da shugabannin kasuwa halin da ake ciki a ranar. Ka sa wanda za ka sayi kaya a wurinsa ya tarye ka a bakin kwalta ya shiga motar. Ka shiga da safe ka fito kafin la'asar ta yi sanyi. Lokacin isowa da manhaja ke nunawa a kan birji, ka ninka shi biyu. Kada ka bi layin taswira ka tattake shukar mutane, ƙaramin abu irin wannan kan jawo babban tashin hankali. In ka iso rafi ko taɓo, ka sauka ka taka da ƙafa tukuna. Matambayi ba ya ɓata, kuma har yau bakinka ya fi tauraron ɗan'adam amfani a ƙauye.

Kafin ka tada mota

Ka sauke taswira a manhaja biyu, ka kashe data, ka gwada ko suna buɗewa. Ka ajiye lambar bakin kwalta da ta wurin lodi, ka kuma rubuta su a takarda tare da sunayen garuruwan da za ka ratsa bi da bi. Ka girgiza mariƙi da hannu, in ya motsa ka ƙara ɗaure shi. Ka kunna na'urar a fili ka ba ta 'yan mintoci ta kama taurari kafin ka shiga tsakanin duwatsu. Ka riƙe layukan kamfani biyu daban. Ka tura wa mai kaya ko wani na gida wurinka kai-tsaye ta WhatsApp, wanda ke iya ɗaukar awa 8, ka gaya masa lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka da wanda zai kira in bai ji ba. Da ka sauka daga kwalta, ka kunna rubutun sawu.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya, Ya sa a sayar da riba.